Iskar Da Kyamara Ba Ta Gani

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma akwai abin da ko ka je inda yake, kyamara ba za ta kawo maka shi gida ba, wato iska. Wannan kuwa shi ne ciwon kan duk wanda aka damƙa wa kyamara aka ce ya ɗauko gasar masu shawagi da fiffike mara inji.

Kada mai karatu ya ɗauka laimar sauka daga jirgi nake nufi. Wani ƙyalle ne mai ƙwari da aka ɗame a kan sandunan alminiyam, siffarsa kamar bakin kibiya, faɗinsa kusan mita 10, nauyinsa ya ɗan haura kilo 30. Mutum zai rataye a ƙarƙashinsa rub da ciki, ya riƙe sanda mai kusurwa uku. Ba sitiyari, ba birki: in ya karkata jikinsa dama ya yi dama, in ya jawo sandar ya ƙara gudu.

Lokacin da nake karatu a Ferujiya ta ƙasar Italiya, wani abokina mai sana'ar bidiyo ya nemi in riƙe masa kyamara ta biyu na kwana huɗu a dutsen Monte Kuko, mai tsayin mita 1,566, wanda garin Sijillo ke kwance a gindinsa. A nan aka yi gasar duniya ta 1999, wadda Manfred Ruhmer ɗan Ostiriya ya lashe, da ta 2011, wadda Alessandro Ploner ɗan gida ya ɗauka. Tamu ƙarama ce, amma dokar ɗaya ce: kowace safiya alƙalai za su zana hanya, wani lokaci ta fi kilomita 100, da wuraren da dole kowa ya kewaya, wanda ya fi saurin kammalawa ya kwashi maki.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mutum zai yi taku huɗu ko biyar a gangaren ciyawa, ƙasa ta sake shi, kafin minti uku ya koma ɗigo kamar ƙuda. Ainihin gasar kuma a can take, inda kowa ke farautar iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasar da rana ta gasa, ya shiga cikinta yana kewayawa kamar shirwa, ba ta kaɗa fiffike amma tana ta yin sama. Tun da iskar ba ta ɗaukuwa, sai na koma ɗaukar masu tona mata asiri: tsumman da aka ɗaure a kan sanda, kwanciyar ciyawa, gajimare mai shafaffen gindi, da idanun matuƙan da ke bin tsuntsaye da kallo kafin su tashi.

Kyamara dai tsohuwar abokiyar wannan wasa ce. Hotunan da Ottomar Anschütz ya ɗauki Otto Lilienthal na Jamus yana shawagi, kafin faɗuwar da ta yi ajalinsa a 1896, suna cikin abin da ya gamsar da duniya cewa mutum zai iya tashi. Kafin zuwan na'urar GPS kuwa, matuƙi da kansa yake ɗaukar hoton kowace makewaya daga sama, a wanke fim da dare, alƙalai su duba.

A rana ta uku wani dattijo mai furfura ya zo tashi, ina saitinsa. Ya fara gudu ke nan sai fiffiken ya ƙi ɗaukarsa, gefen hagu ya shari ciyawa, ya juya da shi ya maka da ƙasa. Sanda ta karye, hannunsa ya goce. Duka-duka daƙiƙa huɗu, kuma suna cikin kyamarata. Abokina ya ce mu goge, don ya san halin mutane: faɗuwa suke turawa juna, ba tashi ba. Ni ma ban ga amfanin tallata wahalar bawan Allah ba.

Da yamma sai ga dattijon, hannu a rataye, ya ce, "Ɗana, an ce kai ka ɗauka. Nuna mini." Muka zauna da matuƙa kusan goma, muna tsayar da hoton taku-taku. A taku na biyu ya ɗora yatsa a kan allon, ya nuna inda ya ɗaga hancin fiffiken fiye da kima. Ba wanda ya yi dariya. Ya roƙi mu ba shi, yana da ɗalibai, gara su ga wannan a allo da su koye shi da ƙashinsu.

Mun haɗa fim mai kyau, da gajimare da faɗuwar rana, aka kalla aka tafa. Waɗancan daƙiƙu huɗu ba su shiga ciki ba, mai su kaɗai muka ba. Amma in ka tambaye ni aikin da na yi a kan dutsen nan, su zan fara ambata. Allah Ya kiyaye mu, sai mun haɗu a rubutu na gaba.