Cutar Da Maza Ke Ɓoyewa

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana maza na wannan kwaleji a kan wata cuta wadda muke jin kunyar ambatonta. In zazzaɓi ya kama ɗayanmu, ba ya jin nauyin kowa, sai ya ɗauki katinsa ya nufi ɗakin magani. Amma in zuciyarsa ce ta yi ciwo, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita kansa, sai ka ji ana tambayarsa, "Lafiya?" shi kuwa yana cewa, "Lafiya lau."

Tun muna ƙanana aka hore mu haka. Yaro ya faɗi ya ƙuje gwiwa, sai a ce masa, "Tashi, namiji ba ya kuka." In ya girma a ƙara masa da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ban ce horon nan banza ne ba, gama shi ya sa ubanninmu suka iya yini a gona cikin rana ba ƙorafi. Amma fa mutanen da suka yi wannan karin magana, su ne kuma suka ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Bara, sa'ad da muka fita gwajin koyarwa, an tura mu mu uku wata makarantar firamare a ƙauye. Ɗayanmu ya girme mu, yana da mata da 'ya'ya biyu a gida, ubansa kuma bai daɗe da rasuwa ba, nauyin gidan duka ya komo wuyansa. Da yardarsa nake ba da labarin, sunansa kaɗai na ɓoye. Mutumin da shi ke ba da waƙa a majami'a, sai ya yi shiru. Ƙarfe biyu na dare ka farka ka same shi zaune a ƙofar ɗaki. Littafin shirin darasinsa ya kwana goma ba a sa masa alƙalami ba, da yamma kuwa ya soma ratsewa gidan burkutu, shi da ko ƙamshinta ba ya so.

Hedimastan wurin, wani dattijo mai furfura, bai kira shi ofis ba. Ran Asabar ya ce masa, "Malam, zo ka taya ni cirar gyaɗa." Suna sunkuye, ba mai duban idon wani, sai dattijon ya shiga ba shi labarin shekarar da matarsa ta rasu, yadda ya yi wata uku ba ya sanin ɗanɗanon tuwo. Da abokinmu ya ji haka, sai bakinsa ya buɗe. Ran kasuwa dattijon ya ɗauke shi a babur zuwa babban asibiti. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ba shi magani, ya gargaɗe shi cewa irin wannan magani sai ya yi 'yan makonni kafin a ji aikinsa, kada ya yar da shi tun a makon fari.

Daga baya na tambaye shi abin da ya hana shi magana tun da wuri. Ya ce, "Tsoron suna. In aka ce mini mahaukaci, wa zai ba ni aji?" To, ga inda gizo ke saƙa. A bakinmu kalma guda ce muke yafa wa mai yawo tsirara a kasuwa da wanda baƙin ciki ya hana shi barci. Har dokar ƙasa ma haka ta daɗe, gama dokar mahaukata ta 1958 aka yi ta aiki da ita, wadda ta fi kula da tsare mutum bisa ga warkar da shi, sai a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwa wadda ta san haƙƙin majiyyaci.

Hikimar dattijon nan ba sabuwa ba ce a Nijeriya. A 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya soma wani shiri a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle majiyyata, sai a sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowa tare da wani danginsa, da rana su zo shan magani. Ya gane mutum ya fi saurin warkewa a cikin mutane.

Wani zai ce rashin bangaskiya ne ke kawo wannan. Ni dai ban yarda ba. Ku duba Littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Annabi Iliya, wanda ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al, ya gudu jeji ya zauna a gindin itace yana roƙon mutuwa. Ba a tsauta masa ba. Aka bar shi ya yi barci, aka ba shi abinci da ruwa har sau biyu, daga baya kuma aka haɗa shi da Elisha. Addu'a tana nan, likita kuma yana nan, ba su yi gāba da juna ba.

Abin ba na wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu kowace shekara, maza kuwa sun ninka mata har da ɗoriya. Ma'aunin likitoci shi ne mako biyu: in baƙin ciki, da rashin barci, da rashin sha'awar abin da ka saba so, suka wuce haka, lokacin zuwa asibiti ya yi. In kuwa tunanin kashe kai ya shigo, kada a jira ko kwana guda. Babban asibiti yana iya tura mutum gaba, zuwa asibitin koyarwa na Jos ko na Barnawa a Kaduna. In abokin ɗakinka ne, kada ka tsaya ga ce masa "Ka je." Ka sa takalminka ku tafi tare, ka kuma riƙe masa asirinsa sa'ad da kuka komo.