AKUYATA DA KANYAR 'YATA

'Yar uwa, ranar da na fito tsakar gida na tarar da 'yata tana tonon kwandon shara tana tsince ledojin fiya wata, wallahi sai da gabana ya faɗi. Ba zan kama sunanta ba, kin san 'yar fari ce. Na ce, "Ke! Lafiyarki kuwa? Bola kika koma?" Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Umma, Malama ce ta ce kowa ya kawo guda ashirin, itatuwa za mu rena a ciki." Na yi tsaki na wuce kicin, a raina ina cewa ga wata sabuwar bidi'ar 'yan boko kuma.

Garinmu yana ƙasar Ringim, kuma akwai wani rafi a bayan gari da yake gangarawa ya faɗa kogin Haɗeja. Muna yara, in Inna ta aike mu wanki, ba ma ganin rana sai mun hauro. Giyayya ce da ɓaure da kanya suka rufe gaɓar, ga jema a bakin ruwa wadda tsofaffi ke yankowa su yi saƙa da ita. Har cikin bazara in ka tona yashi kamu biyu sai ruwa ya tsattsafo, mai sanyi kamar na randa. Yanzu kuwa fili ne fetal. Masu itace sun sare, masu tifa sun kwashe yashi, manoma kuma sun yi ta matsowa da garma har bakin ruwa. Kada in ɗora wa wasu kawai, ni ma da nake amarya itacen wurin nake saye, don ya fi araha kuma ba ya hayaƙi, ban taɓa tambayar daga ina ake saro shi ba.

Sai damunar 2022 ta zo. Kowa ya san abin da ya faru a Jigawa a shekarar, kuma a faɗin Najeriya mutum fiye da 600 ambaliya ta kashe. Mu Allah ya tsare rayukanmu, amma gonar marigayi Babanmu da ke bakin rafin, wadda mu bakwai muke jiran a raba, kusan rabinta ruwa ya ɓantare ya tafi da shi cikin dare biyu. Na je na tsaya a kan abin da ya rage, ƙasa tana zubewa a ƙarƙashin silifas ɗina kamar garin tuwo. Yayanmu ya ce ƙaddara ce, na ce haka ne, muka dawo gida.

To da yarinyar nan ta dame ni da zancen, a farkon 2024 ke nan, sai na zaunar da ita na ce ta yi mini bayani. Ashe malamansu biyu ne aka kai bita ta kwana uku wurin ma'aikatan gandun daji, suka dawo suka kafa ƙungiyar 'yan aji biyu. Ta nuna mini yadda ake jiƙa ƙwayar bagaruwa da ta gawo a ruwan zafi su kwana don ɓawon ya yi laushi, yadda ake huda gindin ledar, a cuɗa ƙasa da taki da ɗan yashi. Tana magana tana juya hannu kamar wata babbar malama, ni kuwa na saki baki.

Da Yuli ya kama aka ce ranar Asabar za su je dashe. Nan fa maigida ya ce sam, budurwa 'yar shekara goma sha uku ba za ta je bakin rafi cikin maza ba. Na lallaɓa, na kai gwauro na kai mari, a ƙarshe ya ce sai dai in ni zan raka ta. Haka na yafa mayafi na bi su, ni kaɗai ce uwa a wurin.

Abin da na ji daga bakin Malamar nan a ranar, ban ji shi a shekara shida da na yi a sakandare ba. Ta ce gaɓar rafi kamar bakin zani ce, in ba a kalmashe ba sai ya yi ta zarewa. Ta sa yara suka jera jema a layi dab da ruwa, domin saiwarta tana nutsawa ƙasa kai tsaye fiye da tsayin mutum, ta ɗaure ƙasar, ganyenta kuma ya rage wa ruwa gudu har laka ta kwanta a bayanta. Daga sama kaɗan bagaruwa, can sama kuma kanya da tsamiya da gawo. Ta ce ruwan da ya tafi a hankali shi ne yake nutsewa ya cika mana rijiyoyi, kuma yanzu da damuna ta koma zuwa da ƙarfi lokaci guda sannan ta ɗauke, wannan layin shi ne garkuwar gari. Wani yaro ya ce me zai hana a sa turare tunda yana saurin girma, ta ce a'a, shi shan ruwa gare shi, ba a kai shi bakin ƙaramin rafi. Wata kuma ta tambaya ko kacala ma ciyawar kirki ce. Malama ta yi dariya ta ce a tambayi mutanen Haɗeja da Nguru, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ruwa ya daina janyewa da rani yadda ya saba, kacala ta samu wuri ta toshe hanyoyin ruwa. Ba kowane kore ne magani ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne kututtura. Ta hana yara taɓa tsofaffin kututturan giyayya da suke ta toho, ta ce a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a datse sauran. Ta ce haka manoman Maraɗi suka fara tun a shekarun 1980, har Nijar ta dawo da miliyoyin itatuwa ba tare da dashe ba, don saiwar tana nan da ranta a ƙasa. Na kalli kututturan nan, wataƙila a cikinsu akwai wanda na dafa tuwon amarcina da shi.

Dashe 120 suka yi. Kowa da nasa, 'yata kanya ta samu, ta kewaye ta da ƙaya, duk bayan kwana biyu bayan ɗaukewar ruwa sai ta ɗauki jarka ta bi 'yan ajinsu.

Sai kaka ta wuce aka saki dabbobi kamar yadda aka saba. Ina da awaki huɗu, da su nake adashi, da kuɗinsu na buga littafina na biyu a Kano. Da safe in buɗe musu ƙofa, da magariba su dawo da kansu, ban san inda suke yini ba. Wata ranar Laraba cikin Fabrairu yarinyar ta shigo ba sallama, ta ajiye jarka da ruwanta a ciki, ta shige ɗaki. Ƙanenta ne ya ce, "Umma, jar akuyarki ce ta ture ƙayar ta cinye kanyar Yaya, a kan idonmu." Na shiga na same ta ta juya wa ƙofa baya. Ba ta yi mini rashin kunya ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Wata goma fa, Umma."

Washegari na kafa turke. Kada ki ji da wasa, ɗaure awaki huɗu da rani kuɗi ne, ga harawa ga dusa, sai da na sayar da ɗaya na ciyar da ukun. Sannan na je makarantar na samu Malama na ce, "Malama, kun koya wa malamai, kun koya wa yara, amma masu awakin fa? Awakin garin nan kusan duk na mata ne, murhu ma namu ne, kuma ba wanda ya kira mu." Ta yi shiru, sannan ta ce a bitar ma ba a kawo zancen ba.

A gidan suna muka tayar da maganar, don nan ne ake samun mata a tare. Ba ta yi daɗi ba. Wata maƙwabciyata ta ce in gwamnati na son itace ta saya mata harawa, kuma ban ga laifinta ba, marayu take riƙo. Har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Gida tara dai suka yarda su ɗaure nasu, wasu kuma suka ce yaransu za su riƙa kora su gabas, nesa da rafin.

Da aka ƙirga a damunar 2025, cikin 120 ɗin nan 41 ne suka rayu. Jemar kuwa ta kama sosai, kuma a bayan layinta laka ta taru har ta rufe mini idon sawu, a daidai inda gonar Baba ta ɓantare. Yayanmu ya je ya gani bai ce komai ba, amma da zai yi huɗa ya bar taku biyar tsakaninsa da gaɓa. Kanyar ba ta sake toho ba. 'Yata ta sa wata a ledar fiya wata, tana nan bayan randa, ta kife mata tsohon kwando saboda kaji.