Tafiyar ƙasa a tsaunukan Jura, lokacin da ƙanƙara ke narkewa

Duk malamin da ke koyar da Faransanci a ƙasar nan ya san wahalar kalmar printemps. Littafi ya ce tana kamawa daga wajen 20 ga Maris zuwa wajen 21 ga Yuni, kuma da yake a watannin nan muna cikin bazara, sai a fassara ta da bazara a wuce. Kalanda ta yarda da fassarar, jiki kuwa bai yarda ba. Bazararmu lokacin ƙunci ce: zafi ya haura digiri 40, rijiyoyi sun ja, bisashe sun rame, kowa ya zuba wa gabas ido. Printemps kuma lokaci ne da ƙasa ke fitowa daga watanni na daskarewa, ruwa ya yi yawa, ciyawa ta tsiro, mutane su buɗe tagogi. A cikin tsaunuka ma al'amarin ya wuce haka, domin a can wannan lokaci ba ya sauka rana ɗaya. Daga kwari yake farawa, ya riƙa hawa dutse sannu-sannu kamar tsoho mai sanda, sanyi yana ja da baya a gabansa. Wanda ya fita tafiya ko gudu bai san haka ba yana iya barin ransa a hanya.

Da ƙafafuna na koyi wannan, a ƙarshen watan Afrilu na 2018, sa'ad da na je wani horon malamai a Besançon, gabashin Faransa. Birnin yana cikin gwiwar kogin Doubs, kimanin mita 250 bisa teku, a gindin jerin tsaunukan Jura da suka raba Faransa da Suwis. Tsaunukan ba su da tsawon a zo a gani. Ƙololuwarsu, Crêt de la Neige, mita 1,720 ce, ba ta ma kai dutsen Bagzan na Abzin ba, wanda ya kai mita 2,022. Amma sanyinsu ya yi suna. A ƙauyen Mouthe, inda kogin Doubs ke ɓuɓɓugowa, an auna digiri 36.7 ƙasa da sifiri ranar 13 ga Janairu 1968, har ana yi wa yankin kirari da ƙaramar Siberiya.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda mutanen wurin suka ɗauki tafiyar ƙasa. A wajenmu ƙafa motar talaka ce. Matar da ke ɗauko ruwa, yaron da ke zuwa lakwal daga ƙauye, makiyayin da ke bin garke, duk dole ce ke tafiya da su. In malami ya ajiye babur ya taka daga unguwa zuwa lise, kafin ya isa mutum biyar sun tsayar da shi suna tambayar ko lafiya. A Jura kuwa masu motoci ne ke ajiye motocin ranar Lahadi, su saɓa jaka, su yini suna hawa da gangara ba don sun ɓatar da kome ba. Akwai ƙungiyoyi na musamman don haka, akwai kuma hanyoyin ƙafa masu alamar fenti fari da ja a jikin itace da dutse. Ɗaya daga cikinsu, GR 5, ta taso daga bakin Tekun Arewa, ta ratsa Jura da Alpes, ta dire a bakin Bahar Rum.

Wani dattijo, tsohon malamin labarin ƙasa, shi ya gayyace ni in bi ƙungiyarsu zuwa Mont d'Or, dutse mai mita 1,463 a kan iyakar Suwis. Da safen nan a Besançon rana ta fito, itatuwa sun yi fure, matasa na yawo da riga mai gajeren hannu. Duk da haka, kafin mu shiga mota sai dattijon ya sa kowa ya buɗe jakarsa, da ni baƙo da waɗanda suka shekara 20 suna binsa. Yana neman rigar ulu, da rigar da ruwa ba ya ratsawa, da hula, da safar hannu, da abinci, da termos na shayi. Wata baiwar Allah ta ce masa ai an yi hasashen rana. Ya ce: "Hasashen na garin nan ne. Inda za mu, watan Maris bai ƙare ba tukuna."

Maganarsa tana da lissafi a bayanta. Iska tana rage zafi da kusan digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000 da aka hau. Tsakanin Besançon da kan Mont d'Or akwai mita 1,200, wato kusan digiri 8, tun ba a sa iskar da ke kaɗawa a sarari ba. Tsiro kuma yana jinkiri da kwana uku zuwa huɗu a kowace mita 100, saboda haka abin da ya yi fure a kwari sai bayan sati biyar ko shida zai yi a bisa. Na ga haka da idona ta gilashin mota. A ƙasa ganye ya rufe itatuwa. Wajen Pontarlier, mita 800 da ɗoriya, ciyawa ta yi kore amma rassa ba su gama tohowa ba. A Métabief, inda muka sauka muka fara takawa, ruwan narkewa ne ke gudu ta kowane lungu, hanya ta zama taɓo. Bayan awa ɗaya cikin dajin dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, sai ga dusar ƙanƙara kwance a inuwa, ta yi datti, ta yi tauri. A gefenta, inda rana ta ci, wasu ƙananan furanni farare da shuɗaye sun huda ƙasa. Taku ɗaya ne tsakanin lokacin sanyi da wanda ke biye da shi.

A nan na ga amfanin dattijon. Dusar ƙanƙarar wannan lokaci mayaudariya ce: da safe tana ɗaukar mutum, da azahar ta yi laushi ƙafa ta nutse har gwiwa. Ruwa yana cin ta daga ƙasa, ya bar ɓawo a sama kamar rufin tsohuwar rijiya. Dutsen Jura kuma irin farin dutsen nan ne da ruwa ke narkarwa, cike yake da tsaguwa da ramuka waɗanda farin mayafin ke ɓoyewa. A gabashin Mont d'Or dutsen ya yanke tsaye kamar bango, iskar sanyi kuma takan tara dusar ƙanƙara a bakinsa ta yi leɓe wanda babu ƙasa a ƙarƙashinsa. Dattijon yana tafe yana caka sanda, yana sauraren ƙarar ruwa. Da muka isa wata gona ya tsaya ya gaida mai ita, wanda shanunsa ke cikin garka har lokacin, ya tambaye shi wane gefe ne ya buɗe. Mutumin ya nuna da haɓa, muka canja hanya. Shekara 40 dattijon ya yi yana koyar da taswirar yankin, amma bai ga ƙasƙanci ba a tambayar mai shanu. Da ɗan gari akan ci gari.

Muna kusa da ƙololuwa sai masu gudu suka cim mana, su huɗu, da gajeren wando da ƴar jaka manne a baya. Irin wannan gudun dogon zango na cikin tsaunuka ya bunƙasa ƙwarai a Turai tun farkon ƙarnin nan. Mafi shahara shi ne na kewayen Mont-Blanc da aka fara a 2003: kimanin kilomita 170 ta cikin Faransa da Italiya da Suwis, da hawan da jimillarsa ta kai mita 10,000, wato ninki huɗu na tseren marato mai kilomita 42 da mita 195, ga kuma duwatsu. A ƙarshen Agusta ake yin sa, saboda haka watannin Afrilu da Mayu lokacin shiri ne. Ɗaya daga cikin huɗun ta tsaya shan ruwa kusa da mu. Abin da ta fara yi shi ne ciro riga daga jaka ta sa, ko da yake gumi na zuba daga goshinta. Na tambaye ta dalili. Ta ce muddin tana gudu jikinta murhu ne, amma da ta tsaya minti biyar wutar ta mutu, gumin ya koma abokin gaba.

Mu mutanen Sahel mun san yadda zafi ke kisa, muna da dabarunsa tun daga rawani har zuwa randa. Yadda sanyi ke kisa ne ba mu sani ba, domin hunturunmu yana fasa leɓe da diddige ne kawai. Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35 an shiga hatsari: makyarkyata, sannan yatsu su ƙi kama maɓalli, harshe ya yi nauyi, tafiya ta zama ta maye. Mafi muni, hankali ne ke fara dushewa, sai mutum ya kasa gane halin da yake ciki. In abin ya yi nisa makyarkyatar ma tsayawa take yi. Ba sai an kai sifiri ba. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska sau 20 da wani abu, don haka jiƙaƙƙiyar riga da iska mai ƙarfi a digiri 5 sun isa. Mai gudu ya fi kowa shiga wannan tarko: kayansa marasa nauyi ne, jikinsa ba kitse, abincin cikinsa ya ƙone, kuma a kan hawa mai tsanani, inda iska ta fi ƙarfi, a nan ne gudunsa ke komawa tafiya. Shi ya sa masu shirya tseren Mont-Blanc suke tilasta wa kowa ɗaukar rigar ruwa, da fitilu, da usur, da wani siririn bargo mai ƙyalli da ke tsare zafin jiki.

Bayan shekara uku da tafiyata, duniya ta ga abin da ke faruwa in aka yi sakaci da wannan. Ranar 22 ga Mayu 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, mutum 172 suka tashi tseren kilomita 100 cikin tsaunuka, galibinsu da gajeren wando da riga marar nauyi, domin ba a wajabta ɗaukar kayan sanyi ba. Wajen tsakar rana, suna kan wani dogon hawa bayan kilomita 20, sai iska mai ƙarfi ta taso da ruwa da ƙanƙara. Mutum 21 suka mutu. Ba raunana ba ne: a cikinsu akwai Liang Jing, ɗaya daga cikin gwanayen wannan fanni a ƙasar, wanda ya sha cin wannan tseren. Ƙarfinsu ne ya kai su can sama kafin kowa, daidai lokacin da hadarin ya sauka. Shida daga cikin waɗanda suka tsira kuwa wani makiyayin tumaki ne ya cece su, mai suna Zhu Keming. Da iskar ta taso ya fake a wani kogo inda ya saba ajiye itace da tufafi saboda irin wannan rana. Can ya shigar da su, ya hura musu wuta.

Tun da na ji labarin nake haɗa makiyayin nan da mai shanun Jura. Ba ɗayansu da zai iya gudun kilomita 10, amma kowannensu ya san abin da watan Afrilu ko Mayu ke iya yi a kan dutsensa, ya kuma shirya masa. Masu tseren Gansu sun tashi da agogo mai auna bugun zuciya da na'urar nuna wuri, sai dai ba su da itacen wuta a kogo. Ban faɗi haka don in rage darajar gudu ba. Na ga farin cikin da ke fuskar mutanen nan huɗu, na kuma ɗanɗani nawa rabon da muka tsaya a ƙololuwa, gajimare ya yaye, jerin Alpes ya bayyana fari fat a kudu maso gabas. Abin da na fahimta shi ne jin daɗin nan yana da sharaɗi, kuma sharaɗin yana hannun wanda ya zauna da ƙasar shekara da shekaru.

Wannan ya shafe mu ta fuska biyu, ƴan uwana malamai. Ta farko, ɗalibanmu suna tafiya karatu Faransa, da Kanada, da Turkiyya, da Maroko, duk ƙasashe masu tsaunuka da sanyi. Yaron da ya tafi da fassarar printemps a matsayin bazara, in abokai sun gayyace shi hawan dutse a watan Mayu, da rigar shan iska zai fita. Ya kamata darasin lokutan shekara ya wuce jera sunaye huɗu a kan allo, a faɗa musu cewa a ƙasar tsaunuka tsawon wuri yana canja wata, kuma jiƙa da iska sun fi ƙanƙara hatsari.

Ta biyu, muna da irin waɗannan masana a gida, muna wuce su a kan hanya. Madugun da ke kai ayarin gishiri Bilma, makiyayin da ke haurawa arewa da saukar damina, manomin da ke bambanta hadarin da zai zubar da wanda zai watse da ƙura, duk suna karanta ƙasa kamar yadda dattijon Jura ke karanta dusar ƙanƙara. Harshenmu ma ya adana saninsu: bayan bazara da damina da kaka da rani, muna da marka, da agazari, da ɗari, kowace kalma da yanayinta. Yaran birni da yawa sun daina jin su. Ƙungiyoyinmu na al'adu suna shirya wasan kwaikwayo da gasar waƙa, madalla da haka. Da za su ƙara da fita ta yini ɗaya a lokacin kaka, ɗalibai su taka kilomita 10 a bayan gari tare da wani makiyayi ko tsohon manomi, shi a gaba, malami a baya da littafin rubutu, da an dawo da kalmomin da ba su cikin kowane ƙamus. Abin da fitar ke bukata bai wuce ruwan sha, da takalmi mai kyau, da izinin iyaye ba.