Kifin da Ba Ya Zama Wuri Guda

Mu mazauna zangon Ashaiman, kusa da tashar jiragen ruwa ta Tema a ƙasar Gana, kifin tuna ba baƙonmu ba ne. Da yawa daga cikin maƙwabtana da shi suke ci da iyalansu: wani ɗan dako ne a tasha, wata tana aiki inda ake zuba shi a gwangwani, wata kuma ƙyafe shi take yi ta kai kasuwa. A cikin ire-irensa, wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne mai rawayan fiffike. Idan ya riƙa, tsawonsa kan kai mita 2, nauyinsa kuma ya doshi kilo 200.

Wannan kifi bai san hutu ba. Sai yana iyo ruwa ke ratsa bakinsa ya samu numfashi, don haka dare da rana a tafe yake. Masana kan kama shi su maƙala masa alama, su sake shi. Ta haka aka gano cewa waɗansu da aka saki a gaɓar Amurka sun ƙetare Tekun Atilantika, aka sake kama su a ruwan Afirka ta Yamma. Abin da ke kawo su shi ne haihuwa, domin Mashigin Tekun Gini babban wurin zuba ƙwansu ne, musamman daga Disamba zuwa Afrilu. Duk sanda na tuna da haka, makiyaya ne ke faɗo mini a rai: tafiya mai nisa, amma kowane zango da dalilinsa da lokacinsa.

Sai dai duk faɗin yawonsa, ba kasafai yake yin ƙasa ba. Yawancin rayuwarsa a mita 100 na saman teku take, inda ruwa ke da ɗumi. Jikinsa na iya riƙe zafi a tsoka, amma zuciyarsa sanyin ruwan take bi, idan ta yi sanyi sai bugunta ya ragu. Binciken da aka yi a tsibiran Hawayi ya nuna cewa da wuya ya shiga ruwan da ya fi na sama sanyi da fiye da digiri 8. Yakan yi nutso neman abinci, ya dawo sama ya ji ɗumi, ya sake komawa. Akan samu na ban mamaki jifa-jifa: a 2006 an ba da rahoton wani a kusa da tsibiran Sishel da ya nutsa har mita 1,160. Amma wannan ziyara ce, ba zama ba.

A nan damuwata take. Wanda aka san hanyarsa da makwancinsa, kama shi ba wuya. Ƙananan wannan kifi suna da ɗabi'ar taruwa a ƙarƙashin duk abin da ke yawo a kan ruwa, ko da kututture ne. Masu manyan jirage sun gane haka, sai suke jefa ƙirarrun tarkace masu na'urar da ke nuna inda suke, su dawo su kewaye garken da taru. Sau da yawa wani ɗan ƙaramin nau'in tuna ake nema, amma tarun ba ya tantancewa, har da 'ya'yan mai rawayan fiffike yake kwasowa, waɗanda ko ƙwai ba su taɓa zubawa ba.

Hukumar ICCAT mai mazauni a Madrid, wadda Gana ke cikinta, ita ke sa ido kan tuna a Atilantika, kuma takan hana kamu a kan irin waɗannan tarkace na wani lokaci a shekara. Na san hanin yana taɓa aljihun talaka, don idan jirgi bai sauke kaya ba, ɗan dako ba ya samun na cefane. Duk da haka ina goyon bayansa. Manomin da ya cinye irinsa da rani, shi zai yi kuka da damina. Ɗan kifin da aka ƙyale a ruwan Gini bana, shi ne zai ƙetare teku ya dawo da ƙwai nan da 'yan shekaru, kuma aikin yaran Tema na gobe a kansa ya rataya.