Sakkwato: Situdiyo a shagon ƙofar gida

Na sauka Sakkwato rana na dukan tsakar ka. A Mabera na iske wani matashin mawaƙi ya mayar da shagon gidansu situdiyo, bango duk kwalin ƙwai. Gumi yake sharɓa, fanka a kashe, don makirfo na kwasar ƙararta.

Ya nuna min sawunkad, akwatin da ke shigar da murya kwamfuta.

"Akuyata nis saida nis sayi ta hwarko, aboki. Ashe ba ta da 48V, makirfo yaƙ ƙi magana!"

Yanzu Behringer UMC22 ce rufin asirinsa. Mai ɗan ƙarfi sai Focusrite Scarlett Solo.

Mai karatu, in makirfonka kwandensa ne, duba maɓallin 48V da ramin XLR, ka gwada kafin ka biya.

Na baro shi yana jiran ladan ya gama kiran La'asar ya ɗora murya.