Ranar da Bishop-bishop Suka Jira Mu a Louisville

Jirginmu ya sauka a filin jirgin saman Louisville, wanda tun 2019 yake amsa sunan Muhammad Ali, ɗan garin. Ƙarshen watan Yuni ne na 2024, ga zafi ga gumi. Mu takwas dayosis ɗinmu ya turo, limamai huɗu da 'yan ikkilisiya huɗu, yadda ƙa'ida ta ba kowane dayosis, zuwa Babban Taron Ikkilisiyar Episcopal karo na 81. A Philadelphia aka fara wannan zama a 1785, yanzu kuma duk shekara uku ake yin sa.

Ni haifaffen Wusasa ne, aiki ya kawo ni Amurka. Da na gaya wa yayana a waya inda za ni, sai ya yi jim, can ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya." Na gane shirun. Tun da aka naɗa Gene Robinson bishop a 2003, mutumin da bai ɓoye cewa namiji ne abokin zamansa ba, zumuncin Ikkilisiyar Angalikan ta Nijeriya da wannan ta Amurka ya yage, har yau ba a ɗinke ba.

Zauren wakilai wani makeken ɗaki ne a tsakiyar gari, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Kowane dayosis da teburinsa da sandar da ke ɗauke da sunansa. A nan na ga Haiti da Honduras da Kuba da Taiwan, don ikkilisiyar ta wuce iyakar Amurka, kuma masu tafinta na ta zuba magana a kunnuwan waɗanda ba sa jin Turanci. Majalisa biyu ce, ta bishop-bishop da tamu ta wakilai, kuma babu ƙudurin da zai zama doka sai duka biyun sun amince da shi kalma da kalma. Idan muka sauya waƙafi ɗaya, sai ya koma wajensu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙuri'ar rukuni. A kan manyan batutuwa, kamar gyaran kundin tsarin ikkilisiya, ba a ƙirga kawuna. Limamai huɗu na kowane dayosis ƙuri'a ɗaya gare su, mu 'yan ikkilisiya huɗun ma ɗaya. In muka rabu biyu da biyu, ƙuri'armu ba ta shiga cikin masu cewa "e", wato ta zama tamkar "a'a". Wata dattijuwa da ke gefena, wadda ta sha zuwa taron, ta duba ni ta saman tabarau kafin mu kaɗa, ta ce kada in bi ta don ganin furfurarta, in bi abin da zuciyata ta kwanta da shi. Na kuwa saɓa mata, muka rabu biyu da biyu, da rana kuma ita ta saya mini abinci.

Ranar Laraba, 26 ga wata, bishop-bishop suka shiga majami'ar Christ Church aka rufe ƙofa, don zaɓen sabon shugaban ikkilisiyar, wanda zai gaji Michael Curry, bishop ɗin da duniya ta sani da wa'azinsa a bikin Yarima Harry a 2018. Mutum biyar ke takara. A zagayen farko Sean Rowe na arewa maso yammacin Pennsylvania ya samu ƙuri'a 89, yana da shekara 49, ba a taɓa zaɓar mai ƙarancin shekarunsa ba. Amma ba su fito ba. Dole suka zauna cikin majami'ar har sai da aka kawo mana sunan muka tabbatar. Manyan mutane da sandunansu na kiwo, suna jiran malaman makaranta da ma'aikatan jinya su danna maɓalli. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai, ko da yake kowa ya san da wuya wakilai su mayar da zaɓen baya.

Da yamma na taka zuwa bakin kogin Ohio. A zamanin bauta, wannan gaɓar ta Kentucky ƙasar bayi ce, tsallaken kuma Indiana ce, inda doka ta hana bauta. Ruwan ba shi da faɗin da zai hana ka hango gidajen can.

Jaridu zaɓen suka ɗauka, amma a ganina babban labarin taron yana cikin ƙudurorin da suka wuce ba hayaniya. An haɗe dayosis uku na Wisconsin suka koma ɗaya, biyu na Michigan ma haka. An tafa, an rungumi juna, wasu har da hawaye. Sai dai ikkilisiyar da ta haura mutum miliyan 3 a shekarun 1960 yanzu tana wajen miliyan ɗaya da rabi, kuma ba yalwa ce ke sa a haɗa tukunya ba. Na kaɗa ƙuri'ar amincewa, don ban ga amfanin riƙe ofisoshi uku a kan jama'ar da ofis ɗaya zai ishe su ba. A Phoenix za a sake haɗuwa a 2027, kuma ina kyautata zaton sandunan da ke zauren za su ƙara raguwa.