Damagaram: daga ayarin Zongo zuwa baret ɗin kwamfuta

Wanda ya shiga Birnin Damagaram zai tarar da fadar sarki tsakanin manyan duwatsu da gidajen ƙasa masu zane a fuska. A nan Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya ƙarfafa ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa. Amma ciniki a Zongo ya zauna, inda ayarin Buzaye da fataken Tarabulus suke sauke kaya, inda kuma attajiri Malam Yaro ya yi suna kafin Faransawa su kama garin a 1899. Har 1926 Zinder ce hedkwatar mulkin mallaka, sa'an nan aka mayar da ita Yamai, ta bar garin da fatauci da aikin biro.

Waɗannan sana'o'i biyu su ne yau suke sayen kwamfuta ta tebur: ɗan kasuwa don lissafi, ma'aikaci don rubuta takardu, sai ɗaliban jami'ar da aka buɗe a 2010. Ba kowa ke iya sayen sabuwa ba. Akasari tsofaffin Dell da HP ne da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama, su sauka a Ikko ko Kwatano, su biyo ta Kano. Daga Kano zuwa Zinder kimanin kilomita 240 ne, ta Daura da Matamaye, ga duwan a tsakani. Wannan nisa shi ne tushen magana. A kasuwar Ikeja, wanda ya sayi abin da bai shiga injinsa ba sai ya taka ya musanya. Mutumin Zinder kuwa sai ya jira wani ya sake yin tafiya, in ma mai kantin ya yarda ya karɓa.

Abin da ya fi jawo wannan asara shi ne RAM, wato ƴar siririyar ƙwaƙwalwar da masu gyara ke kira baret. Tana zama a kan babban allon injin, wanda a nan ake ce wa kart-mer, kuma akasarin alluna iri ɗaya tak suke karɓa. DDR2 da DDR3 duk haƙora 240 gare su, tsawonsu ɗaya, har mai sayarwa yana iya rantsewa abu guda ne. Ba haka ba ne. Tsagar da ke gindinsu ba wuri ɗaya take ba, wutar da suke ci ma ta bambanta: DDR2 volt 1,8, DDR3 volt 1,5. Haka DDR4, da ta shigo kasuwa a 2014, da ƙanwarta DDR5: haƙora 288 kowace, amma ɗaya ba ta shiga ramin ɗaya. Wanda ya danna da ƙarfi ya karya ramin, allon kuma ya fi baret tsada nesa ba kusa ba.

Akwai tarkon da ya fi wannan, don ido ba ya ganinsa. Manyan injinan kamfanoni da ake kira saba, in aka wargaje su, baret ɗinsu kan zubo kasuwa da araha, giga 8 ko 16. Tana shiga ramin daidai, amma in an kunna, inji ya yi ta ƙara, fuska baƙa. Harafi guda ne a kan ƴar takardar da ke manne a jikinta yake raba gardama. In an rubuta PC3-12800U, ta kwamfutar tebur ce. In R ce a ƙarshe, ta saba ce, a bar wa mai ita. In S ce, ta kwamfutar hannu ce, gajera, wadda ba ta cika rabin ramin ba sai kaɗan.

Don haka mai hankali ba ya aika kuɗi Kano sai ya buɗe injinsa tukuna. Lambar allon tana rubuce a jikinsa, manhajar CPU-Z ta kyauta ma tana faɗar ta, tare da irin baret ɗin da ke ciki da yawan ramuka. Da lambar ake duba iyakar gigan da allon ke ɗauka, gama tsohon inji yana da iyaka, kuma Windows mai bit 32 ba ya ganin abin da ya wuce giga 4 ko an cika ramukan duka. Hoton takardar baret ta waya ya fi dogon bayani. In biyu za a saya, gara su zama tagwaye, domin in gudunsu ya bambanta, mai sauri ce ke komawa tafiyar mai nawa.

Iyakar ƙasa tana da nata rashin jituwa. Kayan Najeriya kan zo da filogi mai ƙafa uku irin na Ingila, bangon Zinder kuwa mai rami biyu ne irin na Faransa. Madannai kan zo da tsarin QWERTY, alhali sakataren da ya koyi aiki da AZERTY yana neman haruffansa masu alama a ka. Mafi muni, wasu tsofaffin injinan Amurka suna da ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. In aka manta shi a 115 aka jona da wutar NIGELEC, sai hayaƙi.

Sauran aikin na yanayi ne. Ƙurar hunturu tana shiga ramuka, zafin Afirilu yana haura digiri 40, kuma injin da ya yi shekara yana aiki sai ya wayi gari ya ƙi tashi. Sau da yawa ba abin da ya ƙone. Mai gyara kan zare baret, ya goge haƙoranta da magogin fensir irin na ƴan lakwal, ya hure ramin, ya mayar da ita har maƙallan gefe biyu su kama.